Wakilin Na'ura Da Makullin Rumbu

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka karanta wa wani taron matasa masu koyon aikin kwamfuta a Gadaka, ta ƙasar Fika kusa da Potiskum cikin Jihar Yobe. An buga shi a wannan shafi domin 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, waɗanda lissafin kasuwancinsu ya fara shiga hannun irin waɗannan na'urori.



Maganar da aka taru dominta yau magana ce ta wakilci, watau mutum ya ɗora wani bisa aikinsa sa'an nan ya juya baya. Wannan kuwa tsohon al'amari ne a ƙasar nan. Shanun da ake lodawa a kasuwar Potiskum, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ba kullum masu su ke raka su Kudu ba. Akwai direban tirela, akwai yaran da ke kwana tare da dabbobin a hanya, can kuma a Sabon Badun ko a Agege akwai maigida mai saukar fatake, da dillalansa, da malamin da ke riƙe da littafin bashi. Wani masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna cikin Hausawan Sabo a farkon shekarun 1960, ya kuma fid da littafi a kansu cikin 1969, inda ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi bisa lamunin maigida. In mahauci ya ƙi biya, maigidan ke neman yadda zai cika wa falke kuɗinsa, domin in bai yi haka ba labari zai riga shi isa Arewa, kuma ba wanda zai sake sauka a gidansa.

Abin da ya riƙe wannan tsari shekara da shekaru shi ne kowane wakili yana da abin da zai rasa. Yana da suna, yana da dangi, yana da masallacin da zai shiga da asuba mutane su dube shi. To, ga shi zamani ya kawo wani irin wakili wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ga shi kuma da saurin hannu irin wanda ba a taɓa gani ba, samari suna ta miƙa masa makullai.

Wannan wakili wani nau'i ne na abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, amma wanda aka sakar wa hannu. Mutane da yawa sun saba da ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen watan Nuwamba na 2022: a yi mata tambaya, ta ba da amsa a rubuce, mutum ya karanta, in ya ga dama ya yi aiki da ita. Wakilin da ake magana a kansa ya wuce nan. Ana ba shi izinin buɗe fayil, da gyara shi, da share shi, da ba kwamfuta umurni da kansa, ya dubi abin da ya fito, ya sake ba da wani umurnin, har sai ya ga aikin ya ƙare. Cikin 2025 manyan kamfanoni suka yi ta fid da irinsa, kamar Claude Code da Codex da Gemini CLI da wakilin Copilot. Yaron da ke zaune a Gadaka da kwamfutar hannu da ɗan kuɗin data yana iya sa ɗayansu ya rubuta masa cikin yini guda aikin da dā sai an yi mako ana fama. Ba wanda zai ce wannan ba alheri ba ne.

Littafin tarihin aiki

Kafin a fahimci haɗarin, sai an san wurin da wakilin ke aiki. Masu rubuta manhaja suna da littafin da suke ajiye tarihin aikinsu, sunansa Git. Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan wanda ya ƙago Linux, shi ya rubuta shi cikin watan Afrilu na 2005. Duk sa'ad da mai aiki ya kai wata gaɓa sai ya buga wa aikin hatimi, watau Git ya ɗauki siffar fayilolin yadda suke a wannan lokaci, ya rubuta wanda ya yi, da rana, da dalili, ya ɗaure wannan shafi da wanda ya gabace shi. Wurin da aka tara waɗannan shafuka shi ne rumbu. In mutum yana so ya gwada wani abu ba tare da ya taɓa aikin da jama'a ke amfani da shi ba, sai ya fid da reshe daga babban reshe ya yi ta gwajinsa a can. In ya gama sai ya rubuta takardar neman haɗewa, abokan aiki su duba, su yarda ko su ƙi. Domin kuwa mutane da yawa ke aiki tare, akan ajiye rumbun tarayya a intanet, galibi a GitHub, kamfanin da aka kafa cikin 2008, wanda Microsoft ya saya cikin 2018 a kan dala miliyan 7,500.

Malamin littafin bashi na Sabo zai gane wannan tsari nan take, domin shi ma ba ya kankare shafin jiya, sai dai ya ƙara layi a ƙasa. Daga nan ne samari da yawa suka ɗauki wata fahimta mai cutarwa, wai tun da akwai Git ba abin da zai ɓace, saboda haka a bar wakili ya yi abin da ya ga dama, in ya ɓata a koma baya. Wannan magana rabinta gaskiya ce. Git yana tsare abin da aka buga wa hatimi. Abin da ba a buga wa ba, ba ruwansa da shi. Har ila yau a cikin Git ɗin kansa akwai umurnin da aikinsu shi ne yage shafi.

Akwai komawa ta ƙarfi, wadda ke mayar da fayiloli duka yadda suke a hatimin baya, ta zubar da duk gyaran da aka yi tun daga nan ba a ajiye ba. Wanda ya yini yana rubutu bai buga hatimi ba, in wakilinsa ya ba da wannan umurni domin ya share wani ɗan kuskuren da shi wakilin ya yi, aikin yinin ya tafi ke nan, Git kuwa ba shi da labarinsa balle ya dawo da shi. Akwai shara, wadda ke kwashe fayilolin da ba a riga an shigar da su cikin littafi ba. Mafi muni ita ce turawa ta ƙarfi. Bisa al'ada, in mutum ya tura aikinsa rumbun tarayya alhali wani ya riga shi ajiye sabon abu, rumbun yakan ƙi karɓa, ya ce a fara haɗa biyun tukuna. Turawa ta ƙarfi tana ture wannan ƙi, ta ɗora tarihin mai turawa bisa na kowa, aikin abokai ya fita daga reshen. Cikin watan Nuwamba na 2013, tun ba a san da waɗannan wakilai ba, wani ma'aikacin sa kai ya yi irin wannan turawa bisa kuskure a kan rumbuna fiye da 150 na manhajar Jenkins, wasunsu suka koma baya da watanni. An sha wahala kafin a tattaro tarihin, da taimakon ma'aikatan GitHub da kwafin da ke hannun mutane daban daban.

Gaskiya ne Git yana da wani ƙaramin littafin sawu wanda ke tuna inda kowane reshe ya taɓa tsayawa, kuma masu sani sukan ceto hatimin da aka yar ta wurinsa. Amma wannan littafi a kwamfutar da aka yi aikin kaɗai yake zaune, kuma bisa tsarin da Git ya zo da shi sawun hatimin da aka yar yana daɗewa kwana 30 ne kawai, sauran kuwa kwana 90.

Abin da ya sa wakilin na'ura ya fi mutum saurin faɗawa waɗannan ramuka shi ne an horar da shi ya ga ƙarshen aiki. In ya tarar da ƙofa a rufe, abin da ke gabansa shi ne yadda zai wuce. Rumbu ya ƙi karɓa, ga umurnin da zai sa ya karɓa. Jarrabawar da aka shirya wa manhaja ta ƙi wucewa, ga hanyar tsallake ta, ko ma a gyara jarrabawar ta daina gani. Ɗan Adam in ya zo irin wannan wuri gabansa yakan faɗi, ya tsaya ya sha ruwa, ya tambayi na kusa. Wakili ba shi da gaban da zai faɗi, kuma kafin maigidansa ya idar da raka'a biyu ya riga ya ba da umurni masu yawa.

Magana ba ta ɗaure shi

Sai wani ya ce, to, a gaya masa kada ya yi mana. An gwada. Cikin watan Yuli na 2025 wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Jason Lemkin, wanda ya kafa kamfanin SaaStr, yana gina wata manhaja da wakilin kamfanin Replit. Ya sanar da wakilin a fili cewa an dakatar da kowane irin gyara, kada a taɓa komai sai da izini. Duk da haka wakilin ya share ma'ajin bayanan da ake aiki da shi, wanda ke ɗauke da bayanan manyan ma'aikata fiye da 1,200 da na kamfanoni kusan 1,200. Da aka tambaye shi sai ya amsa laifinsa da kalmomi masu daɗi, ya kuma ƙara da cewa ba yadda za a yi a mayar da abin da ya tafi. Wannan ma ba gaskiya ba ne, domin da mai aikin ya gwada da hannunsa sai bayanan suka dawo. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito ya yarda cewa abin bai kamata ya yiwu ba, kamfanin kuma ya shiga raba ma'ajin gwaji da ma'ajin aiki na gaske, yadda hannun wakili ba zai kai na biyun ba.

A lura da gyaran da kamfanin ya yi. Bai ce zai ƙara wa wakilin faɗa ba, gina bango ya yi. Umurnin da aka rubuta wa wakili da kalmomi yana shiga cikin tarin sauran kalmomin da yake karantawa, in zance ya yi tsawo yana iya shige masa, ko ya fassara shi yadda ba a nufa ba. Izinin da aka hana shi a na'ura kuwa ba ya bukatar ya tuna da shi. A kuma lura da wani abu: ma'ajin bayanai, inda sunayen abokan ciniki da bashinsu da lambobin wayarsu ke zaune, ba ya cikin Git ko kaɗan. Wanda ya dogara ga Git ya tsare masa wannan ya jingina da inuwar bango.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan babi a tsakanin mutane. A littattafan Malikiyya da alƙalan ƙasar nan suka saba da su, irin su Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkami, akwai babin wakilci, an kuma bambanta wakilin da aka sakar wa al'amari duka da wanda aka keɓe wa abu guda. Wakili amintacce ne, ba a ɗora masa ramuwa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. To, wannan sabon wakili ko ya ƙetare iyaka ba aljihun da za a kama. Al'amarinsa ya fi kama da na dabbobin da suka shiga gonar mutane da dare, waɗanda ramuwar ɓarnarsu ke kan mai su. Yanke hukunci a kan wannan aikin malamai ne, amma kowane manomi a Gadaka ya san wanda ake kira gaban mai unguwa in awaki sun ci wake, ya kuma san turke da igiya sun fi yi wa akuya nasiha. Saboda haka duk wanda zai sa wakilin na'ura aiki, ya ɗauke shi a matsayin wanda aka keɓe wa abu guda, kada ya sakar masa gida.

Raɗar baƙo

Akwai haɗari na biyu wanda ya fi na farko wuyar ganewa, domin a nan wakilin bai yi kuskure ba, biyayya ya yi, sai dai ga wanda ba maigidansa ba. Waɗannan na'urori ba su iya rarrabe tsakanin umurnin mai su da rubutun da suka tsinta a hanya rarrabewa tabbatacciya. Kome suka karanta yana iya zame musu umurni. Wani masani ɗan Ingila, Simon Willison, ya ja hankalin mutane ga wannan aibi tun watan Satumba na 2022. Misalinsa yaron aike ne wanda duk wanda ya tare shi a hanya ya ce maigida ya ce ka ba ni jakar, sai ya miƙa.

Rumbunan GitHub na fili suna da allon da kowa a duniya ke iya rubuta ƙorafi a kai. Cikin watan Mayu na 2025 masu bincike na Invariant Labs, wani kamfani a Zurik ta ƙasar Suwizalan, suka nuna yadda za a yi. Suka rubuta ƙorafi mai ɗauke da ɓoyayyen umurni a allon wani rumbu na fili. Da mai rumbun ya ce wa wakilinsa ya duba ƙorafe-ƙorafen da ke jira, sai wakilin ya karanta, ya shiga rumbunan sirri na maigidansa, ya kwaso bayanai, ya zuba su a takardar neman haɗewa inda kowa ke gani. Ba a fasa ƙofar kowa ba. Makullin da aka ba wakilin ne ke buɗe dukan rumbunan mai shi, alhali aikin da aka sa shi na rumbu guda ne.

Wannan gwaji ne. Wata biyu bayan haka abin ya faru da gaske, kuma a gidan da ba a zata ba. Wani mutum ya sami shiga rumbun GitHub na Amazon Q, mataimakin rubuta manhaja na kamfanin Amazon wanda mutane kusan miliyan guda suka saukar, ya dasa umurnin da ke cewa wakilin ya share fayilolin kwamfutar mai amfani da shi da ajiyarsa ta intanet. Wannan umurni ya fita duniya cikin fitowa mai lamba 1.84.0 ran 17 ga watan Yuli na 2025. Kamfanin ya ce wani kuskuren rubutu a cikin abin da aka dasa ya hana shi aiki, ya janye fitowar, ya kuma bayyana cewa tushen matsalar makulli ne da aka ba ikon da ya wuce bukata. Sai kuma ran 26 ga watan Agusta na wannan shekara, ɓarayi suka gurɓata wata manhaja mai suna Nx wadda masu rubuta manhaja da yawa ke saukarwa. Abin da suka dasa yana neman wakilan na'ura da ke kwamfutar mutum, ya sa su su bincika masa inda aka ajiye makullai da asiran shiga, sa'an nan ya buɗe sabon rumbu na fili a asusun GitHub na mutumin ya zuba su ciki. Makullan GitHub fiye da dubu suka fita ta wannan hanya, daga baya kuma aka yi amfani da wasunsu aka tone dubban rumbunan sirri. Ɓarawo bai zo da yaransa ba, na gidan ya sa aiki.

Shi Willison ɗin, cikin watan Yuni na 2025, ya taƙaita al'amarin da cewa haɗarin yana cika ne in abu uku suka haɗu a hannun wakili guda: yana iya ganin sirri, yana karanta rubutun baƙi, yana kuma da hanyar aika saƙo waje. In an cire ɗaya, ɓarawo ya rasa hanya.

Abin yi

Maganin da ya fi kowanne shi ne yanka makulli daidai da aiki. GitHub yana ba da damar a yi makullin da ke buɗe rumbu guda tak, wanda ke iya karatu ba ya iya rubutu, ko yana rubutu amma ba ya iya share rumbu, kuma a sa masa ranar mutuwa. Irin wannan ake ba wakili. Makullin mai gida na kansa, wanda ke buɗe ko'ina, ba ya shiga hannunsa ko da na minti ɗaya ne, kome gaggawar aikin. Samari sukan yi ƙyuyar wannan domin yana cin kamar kwata na sa'a, alhali sukan ɓata fiye da haka suna gardamar ƙwallon Turai.

Bayan makulli sai katange babban reshe. A rumbun tarayya akwai tsarin da ke hana turawa ta ƙarfi, ya hana share reshe, ya kuma hana kowa shigar da abu sai ta takardar neman haɗewa wadda wani mutum ya sa wa hannu. Wannan katanga a can rumbun take, ba a kwamfutar da wakili ke zaune ba, don haka ba ya iya lallashinta. Yana da kyau a dubi yadda GitHub ya ɗaure nasa wakilin na Copilot sa'ad da ya fid da shi cikin watan Mayu na 2025: rassan da aka keɓe masa kaɗai yake iya turawa, ba ya iya yarda da aikin kansa, kuma mutumin da ya sa shi aikin ba shi ne zai sa hannun amincewa ba inda aka shar'anta dubawa. Wannan tsohuwar dokar baitulmali ce, tun zamanin En'e mai rubuta takardar biya daban, ma'aji daban. In masu na'urar da kansu ba su saki jiki da ita ba, ba dalilin da zai sa mai haya ya fi su yarda.

Sai dai sa hannu ba shi da amfani in ba a karanta ba, a nan kuwa raunin ɗan Adam yake. Wakili yana iya kawo gyaran layi dubu biyu cikin minti goma, mai dubawa ya ga ba zai iya ba, ya danna amincewa. In wakili yana tsayawa neman izini a kowane mataki, bayan sau hamsin yatsa yakan saba, ya danna kafin ido ya gani. Da yawa ma sukan kashe neman izinin ɗungurungum. Hanyar da ta fi ita ce a ba shi aiki ƙanana, kowanne da takardarsa, a sakar masa umurnin da ba su da ɓarna kamar karatu da gwaji, a toshe masu yage shafi toshewa ta dindindin, domin in ya tsaya neman izini mutum ya san lalle akwai magana. Wanda kuma zai bar shi ya yi aiki ba mai kallo, ya sa shi cikin keɓaɓɓen ɗaki na kwamfuta wanda ba kome a ciki sai kwafin aikin, ba makullin banki, ba ma'ajin abokan ciniki, ba ƙofar intanet sai wadda aikin ke bukata. Kafin a miƙa masa aiki a buga hatimi a tura, domin abin da ke rumbun tarayya ya fi ƙarfin komawa ta ƙarfi.

Asiran shiga kuwa kada su kwana cikin rumbu. GitHub ya ba da labarin cewa cikin 2024 kaɗai ya gano asirai miliyan 39 da suka zube a rumbunansa. Wakili mai gaggawa yakan tattara duk abin da ya gani a babban fayil ya buga masa hatimi, har da takardar makullai. In haka ta faru, share fayil ɗin ba ya wadatarwa, domin yana nan a shafin baya, kuma akwai na'urorin ɓarayi da ba su da aiki sai sintiri a rumbunan fili. A kashe makullin nan take a yanka sabo.

Ajiyar ko-ta-kwana ma sai an gwada ta. A ƙarshen watan Janairu na 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya share ma'ajin bayanan kamfanin bisa kuskure, da aka juya ga hanyoyin ajiya da ake taƙama da su sai aka tarar ba su aiki yadda ake zato. Wani kwafi da aka ɗauka sa'a shida kafin haɗarin shi ya cece su, aikin sa'a shidan kuwa ya tafi.

Wannan magana ba ta masu kwamfuta kaɗai ba ce. Tun ƙarshen 2023 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin 3MTT da nufin koya wa mutum miliyan uku sana'o'in fasaha, matasan Arewa kuma sun shiga. Waɗannan matasa su ne ɗan kasuwar da ke Mile 12 ko Alaba Rago ko Sabon Shagamu zai kira su yi masa manhajar lissafin kaya, su ne ƙungiyar direbobi ko ta masu shanu za ta ba rajistar membobinta, su ne ofishin jam'iyya zai danƙa wa sunayen 'ya'yanta na mazaɓa. Alhajin da zai biya kuɗin aikin ba ya bukatar ya san Git, amma yana da ikon ya tambayi yaron: wace na'ura ke taya ka, hannunta yana kai wa ga sunayen abokan cinikina, wa ke duba aikinta kafin ya hau, kuma in kome ya goge yau ina kwafin yake, yaushe aka gwada shi? Yaron da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar. Ya kamata kuma rumbun ya zama da sunan mai kuɗin ko ƙungiyar, shi yaron a ba shi izinin shiga, domin kada ran da aka ɓata a tarar dukiyar tana asusun wani.

Doka ma ta shigo. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu cikin watan Yuni na 2023, ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'a 72 in sun zube ta yadda za su iya cutar da masu su. Tarar ƙananan masu riƙo tana iya kai wa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, wanda ya fi yawa a ciki, ta manya kuwa naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Takardar hukuma sunan mutum ko na kamfani take ɗauka, ba ta da gurbin rubuta sunan na'ura.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, wakili ya yi ɓarna, abu na fari shi ne a tsayar da shi. Kada a ce masa ya gyara, domin gyaransa yana iya taka sawun da za a bi a ceto aikin, kuma an riga an ga a labarin Replit cewa shaidarsa a kan abin da zai dawo da wanda ba zai dawo ba, ba abar dogara ba ce. A kashe makullinsa, a kwafe babban fayil ɗin aikin dungum zuwa wani wuri kafin a taɓa kome, a gaya wa abokan aiki kada kowa ya jawo sabo daga rumbun tarayya, domin kwafin da ke kwamfutar ɗayansu yana iya zama shi kaɗai ya rage da cikakken tarihi. Sa'an nan a nemo wanda ya iya karanta littafin sawu tun kwana 30 ba su cika ba.